Jegon Rahmatu

Ikara, 22 ga watan Cika-ciki, 1383

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Daga yayarka Luba zuwa ga ƙanina Inuwa a ƙasar Ingila. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da karatu da sanyin ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, maigidana Malam ya gama shukar gero, yana gaishe ka. 'Yarka Aishatu ta iya Fatiha har rabi, daga nan sai ta tsaya ta zuba wa bakina ido.

Bayan haka, albishirinka. 'Yata Rahmatu ta sauka lafiya yau kwana goma, namiji, an sa masa Ahmadu. Tun tana wata bakwai aka kawo ta gida daga Kudan, tunda haihuwar fari ce. Surukarta Gambo ta zo suna da ayarin mata. Kafin ta ɗauki jariri sai da ta dafa gadon ƙasa don ta ji ko wutar da ke ƙarƙashinsa ta isa, ta ɗanɗana kunu, sannan ta ce, "Yauwa. Dama an ce mini hannunki ba ya rawa a kanwa." Na ce mata abin da na tarar ana yi ne.

Takardarka ta watan jiya na karanta ta sau uku. Ka ce jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa tana da tantani, tantanin yana da ƙofofin da ido ba ya gani, gishiri na shiga ta wata, wani irin gishirin na fita ta wata, kuma shiga da fitar nan ita ce saƙon. Ka ce akwai masu kwarfe gishirin da ya shiga, ba sa hutawa, kamar yadda nake kwarfe ruwa idan ya shigo ɗaki da damina. Ka ce a ƙafar kwaɗo kake duba duk wannan. Ban gane duka ba, amma na yi tasbihi. Da na karanta wa Rahmatu sai ta ce, "Inna, ashe shekara uku Kawu na can yana gadin ƙofar gishiri a ƙafar kwaɗo? Ku ce ya dawo, kasuwar Ikara ma akwai masu gishiri." Ta yi dariya har ta sarƙe.

Abu ɗaya ne ban so ba. Ƙafafunta sun ɗan tasa, kuma idan ta fito daga wanka takan yi haki. Na san sanyi ne yake neman shigarta, don haka na ƙara itace a ƙarƙashin gado, na ƙara kanwa a kunu. Ungurnu ce mai kyau ta mutanen Barno, irin wadda na ƙulla maka a kayanka ranar tafiya. Safe da rana da yamma take sha, kwano cike. Ba zan yi mata ƙwauro ba.

Ka sa ta a addu'a. Allah ya tsare ka, ya dawo mana da kai da imaninka. Wassalam.

Luba

*

Ingila, 26 ga Yuni, 1963

Zuwa ga Yaya Luba, tare da gaisuwar ban girma gare ki da Malam. Barka da arziki, Allah ya raya Ahmadu bisa sunna. Ki gafarce ni, Yaya, yau gaisuwata gajeriya ce, don ina so takardar nan ta kama jirgin gobe.

Ina roƙonki don Allah ki daina ba Rahmatu kunun kanwa daga ranar da wannan ta same ki. Ki janye wutar da ke ƙarƙashin gado. Wanka a yi da ruwa mai ɗumi, ba mai tafasa ba. Sannan a kai ta asibiti a Zariya, kada a jira arba'in.

Na san nauyin abin da nake faɗa, kuma na san wadda nake faɗa wa. Ga dalilina. Gishirin nan da na ce yana shiga ta ƙofofin jijiya, shi ne ya cika kanwa. Ba ji na yi ba, kanwarki na auna da hannuna a ɗakin aikinmu. Halin gishirin nan kuwa, duk inda ya taru ruwa na biyo shi. Jiki na iya fitar da kaɗan. Amma kwano uku a rana, kwana da kwanaki, ya fi ƙarfin masu kwarfewa. Ruwan sai ya zauna a jini, ya zauna a ƙafa, ya hau har huhu. Zuciya ce ke tura wannan ruwa duka, ga ta ta gaji da ɗawainiyar ciki, ga zafin gado yana sa ta ƙara gudu. Kumburin nan ba sanyi ba ne, Yaya. Ina tsoron ruwa ne.

Ni ba likitan mutane ba ne, jijiyar kwaɗo da ta ƙaguwa na sani. Don haka na kai takardarki wurin wani likitan zuciya da muke cin abinci tare, na fassara masa. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce a kai ta asibiti.

Ba sai kin yarda da ni ba. Ki danna babban yatsanki a ƙwaurinta, ki ɗage. Idan naman ya dawo nan da nan, ki ce ƙaninki ya yi karatu ya yi yawa. Idan kuwa ramin yatsan ya zauna, to ki tuna da maganata.

Ki gai da Aishatu. Ki gaya wa Rahmatu mai gadin ƙofar gishiri ya ce ta yi haƙuri da kunu salam.

Ƙaninki mai biyayya,
Inuwa

*

Ikara, 17 ga Safar

Da sunan Allah. Daga Luba zuwa ga Inuwa, gaisuwa da fatan alheri. Muna nan yadda Allah ya ajiye mu.

Takardarka ta zo Rahmatu na da kwana talatin da ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba, da na karanta raina ya ɓaci. Na ce yaron da na goya a bayana ne yau zai koya mini jego daga ƙasar da ba a san kunu ba. Na ninke ta na sa a cikin gafaka, na dama kunun rana kamar kullum, na ba ta ta sha. Wannan kwanon yana wuyana, don na riga na karanta.

Bayan la'asar na shiga na ce ta miƙo ƙafa. Na danna na ɗage. Inuwa, na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ramin yatsana yana nan yana kallona.

Na je na sami Malam a zaure na tambaye shi ko kanwar jego tana cikin littafi. Ya ce shi bai taɓa ganinta a farilla ko a sunna ba, al'ada ce, kuma sha'anin mata ne. Na ce to. Tun daga ranar ban ƙara sa mata ba, na kuma janye wutar.

Yau kwana huɗu. Fuskarta ta ɗan saɓe, amma ƙafar tana nan, kuma ba ta iya kwanciya miƙe, sai an jingina ta da buhun gero. Tari take yi. Idan ta ba yaro nono sai ta huta kamar wadda ta yi surfe. Duk da haka bakin bai mutu ba. Jiya ta kurɓi kunu ta ce, "Inna, wannan ai ruwan wanke ludayi ne. Kawu ya ci amanata."

Asibiti kuwa ba a hannuna yake ba. Malam ya ce matar mutum ce, sai da izinin mijinta Jumare. Na aika Kudan. Kafin amsa ta zo, sai ga wata mata daga gidansu, Gambo ta aiko ta da ƙunshin jar kanwa gudummawa. Rahmatu ta jawo bakin zanina ta ce a hankali, "Inna, ki karɓa ki ce ina sha mana, wa zai sani?" Na ce Allah zai sani. Matar ta tambaya ko kanwar tawa ta kusa ƙarewa, na ce ba ta ƙare ba, dainawa na yi. Ta dafa gado ta ji shi sanyi ƙalau. Ko ruwa ba ta sha ba ta juya.

Yanzu mata sun daina shigowa barka, sai dai su tsaya a tsakar gida su yi ƙus-ƙus. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ke damuna shi ne ban san ko gyara nake yi ko ɓarna ba. Idan ta mutu a kan gado mai sanyi, ba ni da abin da zan ce wa kowa.

Allah ya zaɓa mana. Wassalam.

Luba

*

Kudan, 19 ga Safar

Daga Gambo uwar Jumare zuwa ga Luba uwar Rahmatu. Malam Maiwada ne ya rubuta, yadda na faɗa haka na ce ya sa, kada ya gyara mini. Ina gaisuwa, ina gai da Malam, ina gai da jikana.

Luba, abin da aka zo mini da shi gaskiya ne? An ce mai jego tana kwance a gidanki kan gado mai sanyi kamar randa, tana shan kunu fari fat. Yarinya na kumbura don sanyi ya shige ta, ke kuma kin kashe wuta. Wai ƙaninki ne ya rubuto daga Ingila. To shi sau nawa ya haihu? Ni tara na haifa, duk da kanwa na tashi, ga ni nan ina sussukar dawa da hannuna. Ke da me kika tashi? Uwarki fa?

Ni ban taɓa jin an ce ki da ha'inci ba. Duk ƙasar nan ke ake kira idan ana son jego ya gasu. Shi ya sa na bar miki ita ban sa ido ba. Idan gajiya kika yi da saran itace ki faɗa, muna da itace a Kudan.

Maganar asibiti kuwa, ba da yawuna ba. Wadda aka kwasa zuwa Zariya a kan wannan hanya da damina, ɗanyen jiki, iska na dukanta, me zai rage?

Ranar Litinin take cika arba'in. Zan zo da Jumare mu ɗauki matarmu da ɗanmu. Zan sake mata wanka daga farko, wata uku cur, in ga sanyin da zai tsaya. Ki haɗa mata kayanta.

Ban faɗa don faɗa ba. Yarinyar nan tun da ta shigo gidana ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba zan zuba ido a kashe mini ita da karatu ba. Allah ya ba ta lafiya. Shi ke nan.

*

Zariya, 27 ga Safar

Da sunan Allah. Daga Luba zuwa ga ƙanina Inuwa, gaisuwa mai yawa. A barandar asibiti nake rubutu, takardar a kan gwiwata, ka yi haƙuri da karkacewar layi. Na sa takardar Gambo a ciki don ka ga inda muka tsaya.

Sun zo ranar Litinin da hantsi kamar yadda ta ce. Na shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa. Ban haɗa kaya ba. Gambo ta leƙa ɗaki ta ce, "Taso, 'yata, mu tafi gida a gasa ki." Rahmatu ta yunƙura don kunyar suruka. Daga bakin gado zuwa ƙofar ɗaki taku biyar ne. A na huɗu ta durƙusa ta dafa bango, bakinta a buɗe, leɓenta ya yi baƙi. Gambo ta ce, "Kin gani ko? Kin ga aikin gado mai sanyi?"

Ka san ni ba mai magana a gaban suruki ba ce. Tun da aka ɗaura auren nan ban taɓa haɗa ido da Jumare ba. Ran nan na aika aka shigo da shi har ƙofar ɗaki. Na yaye ƙafar na danna masa ya gani. Sannan na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na ce, "Gambo, kin tambaye ni da me na tashi. Da kanwa na tashi. Amma ni na yi wa Lantana matar Inuwa jego a ɗakin nan, shekara uku ke nan. Haka ƙafarta ta yi, haka ta yi haki. Da na gani na ninka mata kanwa, na ninka itace, don mijinta ba ya nan kuma amana ce a hannuna. Ban taɓa gasa mace kamar yadda na gasa ta ba. Ranar kwana hamsin da biyu ni na yi mata wanka na ƙarshe. Idan akwai abin da za ki yi a Kudan wanda ban yi wa Lantana ba, faɗa mini, in haɗa kayan yanzu."

Gambo ta ce, "Kwananta ne ya ƙare."

Na ce, "Haka ne. Amma ba zan sake bin hanyar da na bi ba ina sane."

Jumare ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, sannan ya ce wa uwar tasa, "Inna, ki yafe mini, zan nemo mota." Gambo ta kwance mayafinta ta lulluɓe Rahmatu da shi har kai saboda iska, ta ɗauki jaririn ta riga mu fita.

A Makarfi malamin asibiti ya sa abin sauraro a bayanta, ya rubuta takarda, ya ce kada mu sauke kaya, mu wuce Zariya. Nan aka yi mata allura, ta yi ta fitsari har na tsorata. Sun hana ta gishiri ko a miya. Suna ba ta wata ƙwaya ƙarama kamar tsabar dawa, an ce ta zuciya ce. Yau kwana biyar. Likita ya ce zuciyar ta buɗe ta yi girma, ba zai yi mana alkawari ba tukuna. Gambo tana nan, a tabarma ɗaya muke zama, ba ta yi mini magana sai gaisuwa.

Yanzu ga tambayata, kuma ina so ka amsa kamar kana gaban Allah. Ka ce ka auna kanwata da hannunka. Ba ka faɗi yaushe ba. Ni ce na kashe Lantana?

Wassalam.

Luba

*

Ingila, 2 ga Agusta, 1963

Zuwa ga Yaya Luba, bayan gaisuwar ban girma da yi muku sannu da jinya. Allah ya ba Rahmatu lafiya, ya saka wa Jumare da alheri. Ki gai da Inna Gambo idan za ta amsa.

Ƙwayar da ake ba ta na san ta. A kan masu kwarfe gishirin nan take aiki. Tana rage musu hanzari kaɗan a cikin naman zuciya, sai bugun ya ƙara ƙarfi. 'Yar'uwarta muke ɗiga wa jijiya a ɗakin aikinmu idan muna son mu tsayar da su mu ga abin da zai faru, ita kuwa daga dangin kwankwani ake samunta, wanda maharba ke shafa wa kibiya. Don haka a kiyaye, abin da likita ya ce shi za a ba ta, kada a ƙara ko rabi don ana son ta warke da wuri.

Kin ce in amsa kamar ina gaban Allah. To ga amsa. Ban sani ba. Mata da yawa sun sha kanwa sun tashi, Inna Gambo ba ƙarya ta yi ba. Akwai kuma matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a nan ƙasar, inda ba su taɓa ganin kanwa ba. Wataƙila zuciyar Lantana za ta gaza ko da ba ta sha ba. Wataƙila kuma da ba ta sha ba da ta jure. Ba zan ce miki kanwa ba ta ƙara mata nauyi ba, don na yi imani ta ƙara. Ba kuma zan ce ke kika kashe ta ba, don ban san haka ba, kuma ba wani mai ilimi a duniya da zai iya rantse miki a kai. Abin da kika sani shi kika yi, kuma kin yi shi ne don ƙauna. Ni shaida ne.

Kin tambaye ni yaushe. Shekara biyu da rabi ke nan. Bayan rasuwarta da 'yan watanni na ɗauko ƙullin da kika ba ni, na narka kaɗan na auna. Tun ranar nake da wannan zato. Sau huɗu na fara rubuto miki ina yagawa. Na ce ba ni da tabbas, na ce zan karya miki zuciya, na ce ke ce kike riƙe da Aishatu, da wane baki zan faɗa. Sai na yi ta rubuto miki labarin ƙofofi da kwaɗi, ina fatan ki gane da kanki, alhali ba yadda za a yi ki gane. A cikin shekarun nan jego nawa kika yi? Na san Rahmatu na da ciki tun watan azumi, ban ce komai ba, sai da kika ce ƙafarta ta tasa.

Ke ba ki sani ba kika yi. Ni ina da zato na yi shiru. Idan akwai mai neman gafara a tsakaninmu, ni ne. Ki yafe mini, Yaya.

Na gaya wa malamina idan na gama zan dawo gida, kuma abin da zan fara aunawa ke nan, a kan mata masu jego, da lissafi, har a san gaskiyarsa. Zan buƙaci wadda mata za su buɗe wa ɗaki. Amma wannan maganar wata rana ce.

Ina roƙonki abu ɗaya. Kada ki ɗauki wannan magana ki kai wa mahaifiyar Lantana a Janfalan. Na san halinki. Tsohuwa ce, ta riga ta haƙura, a bar ta da haƙurinta.

Ƙaninki,
Inuwa

*

Ikara, 28 ga watan Mauludi

Da sunan Allah. Daga Luba zuwa ga Inuwa, gaisuwa da aminci.

An sallamo mu ranar Alhamis. Rahmatu ta shigo gida da ƙafarta tun daga bakin hanya, goye da ɗanta, ba ta tsaya hutawa ba. Za ta ci gaba da shan ƙwayar, za mu koma bayan wata ɗaya. Gambo ta yarda ta zauna a wurina har kaka. Alhamdu lillahi.

Jego shida na yi a cikin shekarun da ka yi shiru. Duk suna raye, na bi su ɗaya bayan ɗaya a raina. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini.

Roƙonka kuwa ba zan iya ba. Ƙanwar Lantana tana da ciki wata takwas, kuma tsohuwar ta aiko tun muna Zariya cewa ni take so in yi jegon, tunda ta ga yadda na kula da Lantana. Ba zan je in ƙi sa kanwa ban faɗi dalili ba, ba kuma zan ƙirƙiro mata wani dalilin ba. Ka ce ba ka sani ba. Ni ma abin da zan gaya mata ke nan, tare da sauran duka.

Malam ya ba ni izini. Gobe bayan sallar asuba zan kama hanyar Janfalan.

Wassalam.

Luba